Shin waɗanda muke hulɗa da su a Facebook abokai ne na gaskiya?

Mai tambaya, daga Gusau:
Assalamu alaikum. Watanni biyu da suka wuce Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, kuma abin da na gani a kwanakin makoki ne ya sa nake wannan tambaya. Ina da abokai fiye da 4,000 a Facebook, ɗaruruwa daga cikinsu sun rubuto mini ta'aziyya, na kuma ji daɗin addu'o'insu ƙwarai, amma waɗanda suka zauna tare da mu a kan tabarma har aka yi sadakar uku dangi ne da maƙwabta da abokan makaranta. Mutum ɗaya ne kawai cikin mutanen intanet ya tako, tun daga Maraɗi, alhali ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar. To, sauran fa, da wane suna zan kira su?

Dattijo, daga Kaduna:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙuri. Ɗana, abota daga nesa ba da wayar salula ta fara ba. A zamaninmu akwai shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda muke aika katin gaisuwa ga mutanen da sunayensu kawai muka sani, har aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a garuruwa. Wasu sun tsaya a gaisuwar rediyo, wasu kuwa mun hau mota mun ziyarci juna, mun halarci sunan 'ya'yansu, kuma ɗaya daga cikinsu amini na ne har yau. Ba banza Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake ba. Wannan bawan Allah na Maraɗi ka riƙe shi da kyau.

Malamin makaranta, daga Zariya:
Malam, a ganina kalmar ce ta ruɗe mu. Facebook yana ba mutum damar tara har 5,000 yana kiransu abokai, alhali wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da su ba su wuce kimanin 150 ba. Hausa kuwa tuni ta bambance amini da aboki da idon sani. Yawancin na Facebook idon sani ne, kuma ba laifi ba ne idan idon sani ya yi ta'aziyya daga nesa, muddin ba mu ɗora masa nauyin amini ba.

Uwargida, daga Kumasi:
Ɗan'uwa, ina yi maka ta'aziyya. Ni aure ne ya kawo ni Gana daga Kano, kuma a shekarun farko matan wani zaure na WhatsApp ne suka ɗebe mini kewa. Da na haihu, su suka riƙa kirana dare da rana suna koya mini abin da mahaifiyata za ta koya mini da tana kusa, don haka ba zan yarda a ce ba abota ba ce. Sai dai a wannan zauren ne wata ta karɓi gudummawarmu da sunan jinyar ɗanta, daga baya muka gano ba ta da ɗa ma. Tun daga lokacin ba na tura kuɗi sai na sami wadda ta san gidan mai neman taimakon.