Abin da na tsinta kan sa wa mota rim ɗin da ba nata ba

Jiya a garejin maigidana nan Ƙofar Ruwa aka yi ta muhawara saboda wani ƙanina ya ga rim ɗin Marsandi ya nace sai an ɗaura wa Camry ɗinsa. Matsalar ita ce ramukan noti na Camry 5x114.3 ne (wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3), na Marsandi 5x112, a ido kamar ɗaya suke amma in ka tilasta notin zai zauna a karkace, wallahi haka taya ke ficewa mutum na kan gudu. To nan adafta ke shigowa, wato faifan ƙarfen da ake sawa a bayan rim, ita ke canza tsarin ramukan, sifesa kuwa, ita ma irin wannan faifan ce, turo tayar waje kawai take yi.

Inda aka fi daɗewa shi ne ramin tsakiya. Na Camry faɗinsa milimita 60.1 ne, na Marsandi 66.6, in adaftar ba ta da leɓen da zai riƙe rim ɗin daidai a tsakiya to sitiyari zai dinga rawa ko sau goma ka kai balansin. Maigida ya ce masa "Yaro, sifesa in kaurinta ya wuce milimita 5 a sa dogon bol, noti ya juya kamar sau 8 kafin ya kame." Kuma kar a ɗora sifesa biyu kan juna.

Ni abin da ya fi damuna boris ne, turo taya waje na ƙara masa nauyi, ga ramukan titinmu lokacin damina, taya kuma tana iya gogar madigadi in an ɗau kaya. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a koma wajen mai faci ya sake ɗaure notin.