Masauki a cikin wurin wasa ko a gari: shawarar ’yan zaure ga mai zuwa Dubai da yara

Hajiya ta Mabera: Assalamu alaikum jama’ar zaure. Shawara nake nema. Muna shirin kai yara Dubai a dogon hutu, cikin watan Agusta, kwana bakwai. Ni da maigida, da yara biyar: babbar shekararta 14, sai mai 11, mai 8, mai 5, da auta mai shekara 2. Legoland da Motiongate suke so, babban namijin kuma Ferrari World. Mu kama otal a cikin wurin wasan, ko mu sauka Deira inda mutanenmu suka saba sauka?

Alhaji na Gawon Nama: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar kuɗi, a fara duba taswira. Legoland da Motiongate duk suna cikin Dubai Parks and Resorts, can Jebel Ali, ƙarshen gari ta hanyar Abu Dhabi. Daga Deira kusan kilomita 60 ne. Ferrari World kuwa ba ya Dubai ma, yana tsibirin Yas na Abu Dhabi, fiye da kilomita 100 daga Deira. Wanda ya sauka Deira, kullum sai ya ratsa Dubai daga wannan baki zuwa wancan a kan titin Sheikh Zayed, kuma tare da ma’aikata zai tafi, tare za su dawo, domin da safe motoci Jebel Ali suke nufa, da yamma kuma Deira da Sharjah. Dawowar ce mai wuya: yara sun gaji, auta na kuka, ga cunkoso. Deira wurin sayayya ce. Don wasan yara ba ta dace ba.

Malama ta Arkilla: Ranki ya daɗe, watan da kika ambata shi ne ya yanke hukunci. Kada a ce mu Sakkwatawa ne, mun san rana. Zafinmu busasshe ne, in an shiga inuwar dogon yaro an sha iska. Na can a Agusta ya haura digiri 40, ga laimar teku, zufa ba ta bushewa a jiki, inuwa ba ta magani. Yaro ɗan shekara 2 ba zai jure waje daga sha biyu zuwa huɗu ba.

To amfanin otal na ciki ke nan. Ana buɗe ƙofa ku shiga, ku yi awa biyu, ku koma ɗaki da ƙafa. A yi azahar, a ci abinci, ƙanana su yi barci. Bayan la’asar a sake komawa har a rufe. Wanda masaukinsa ke nesa ba shi da wannan damar: ko dai ya zauna gidan abinci yana kashe kuɗi don ya sha sanyi, ko ya tafi gida tun ƙarfe biyu, tikitin yini guda ya tashi a rabin yini. Abu ɗaya: tun a ƙofa ki tambayi yadda ake fita a dawo da tikiti ɗaya, hatimi ake bugawa a hannu ko tikitin ake sake dubawa. Kada a fita kafin a tambaya.

Hajiya ta Mabera: Malama, ai kuɗin ne ya ba ni tsoro. Otal na ciki ya ninka na Deira.

Malama ta Arkilla: Ba a kwatanta kuɗin ɗaki da kuɗin ɗaki, Hajiya. Ki samu takarda ki raba ta biyu. Ɓangaren gari ki rubuta ɗaki, tasi zuwa da dawowa kullum, tikitin mutum shida ban da auta, da abincin rana a cikin wurin wasan tunda galibi ba a barin shiga da abincin waje in ba na jarirai ba. Ɓangaren ciki ki rubuta ɗaki, sannan ki duba ko tikiti da karin kumallo suna cikin farashin. Otal-otal na ciki sukan sayar da ɗaki haɗe da tikiti, kuma ga iyali mai yawa tikitin ne babban kuɗi. In an cire shi, sau da yawa tazarar takan ragu sosai. In ba ya ciki, lissafin ya canza. Don haka a nemi a rubuto maki a fili: tikiti nawa, na wane wuri, na kwana nawa.

Alhaji na Gawon Nama: A ƙara da maganar tasi. Ƙaramar tasi mutum huɗu take ɗauka. Ku bakwai ne, sai dai babbar mota, ko ƙanana biyu. Kuma kuɗin Salik, wato ƙofofin biyan kuɗin hanya da aka ratsa, a kan fasinja ake ɗorawa. Jirgin ƙasan Dubai ba ya kaiwa bakin wurin, sai an sauka an ƙarasa da mota.

Yaya na Runjin Sambo: Ni dai ban goyi bayan a kwashe kwana bakwai a otal na ciki ba, ga dalili. Wanga lissafin duk ana yin shi kamar ɗaki guda za a kama. Mutum bakwai ba su shiga ɗaki guda. Kowane ɗaki da adadin da doka ta yarda, kuma fasfon kowa ake karɓa a rubuta, ba a ɓoye yaro. Legoland Hotel ma da aka gina don iyali, mai ɓangaren yara da gado mai hawa biyu, ɗakinsa na yau da kullum mutum biyar ne iyaka. Wagga mai shekara 14 kuma otal da yawa a babba suke lissafa ta, tunda daga shekara 12 an fita sahun yara. Ke nan ɗaki biyu ne, ko babban sashe mai falo. Ninka wannan sau bakwai ka gani.

Sai ciki. Kwana biyu yara na murna da dankali da kaza, ranar ta uku an fara neman tuwo. Ɗakin otal ba kicin, firjin ƙarami ne, wanki kuma kowace riga da kuɗinta. Yara biyar a cikin zafi sau biyu za su sauya kaya a yini. Otal mai ɗakuna irin na gida, wanda ke da ɗaki biyu ko uku, da falo, da kicin, da injin wanki, shi ya fi dacewa da gida irin namu. Suna nan da yawa a Al Barsha kusa da Mall of the Emirates, akwai babban kantin Carrefour a ciki, da kuma wajen Ibn Battuta da Marina. Daga can zuwa Legoland kamar minti 25 ne a mota. A tafi da garin tuwo, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau a leda biyu cikin jakar kaya. Nama, shinkafa da kayan miya a saya can.

Malama ta Arkilla: Yaya, maganar ɗaki biyu gaskiya ce. Amma minti 25 ɗin nan, in za a yi hutun rana, sau huɗu ne a yini, ban da jiran mota da ɗora yara. Yawancin iyali ba su komawa da yamma in sun riga sun isa masauki mai nisa.

Kawu na Ƙofar Marke: Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa ba a zaɓar ɗaya. Raba kwanakin ake yi. Ga yadda zan tsara maki, ’yata.

Kwana biyu na farko a Jebel Ali. Otal uku ne a wurin: Legoland Hotel da aka buɗe a 2022, yana manne da ƙofar Legoland, Lapita, babba mai wurin ninkaya, da Rove at the Park, wanda ya fi su sauƙin kuɗi, ɗakunansa ƙanana ne amma akwai wurin da mutum zai yi wankinsa da kansa. Yini ɗaya Legoland, yini ɗaya Motiongate. Legoland don ’yan shekara 2 zuwa 12 aka yi shi, babbar ba za ta samu abin yi da yawa ba, Motiongate ne nata.

Daga nan a wuce Yas, tunda kun riga kun ci kusan rabin hanya. Kwana ɗaya ko biyu. A Agusta Yas ta fi sauƙi, domin Ferrari World, Warner Bros. World da SeaWorld duk a cikin gini suke, da na’urar sanyi. Otal ɗin WB yana dab da Warner Bros. World, kuma akwai bas kyauta, Yas Express, mai zagaya otal-otal da wuraren wasan. Yas Mall a haɗe take da Ferrari World, akwai abinci iri-iri da wurin salla.

Sauran kwana uku ko huɗu a dawo gari, masauki mai kicin, ko ma Deira in sayayya ce a gaba: kasuwar Naif, kasuwar zinari, atamfa da turare. Lokacin wasa ya ƙare, nisa ba ya damun kowa. Wasan a fara da shi tun yara na da ƙarfi, sayayya a ƙarshe don kada a yi ta jan akwatuna daga otal zuwa otal.

Hajiya ta Mabera: Kawu Allah ya saka da alheri. Sauka a masauki uku da yara biyar ba zai zama wahala ba?

Kawu na Ƙofar Marke: Zai zama in ba a shirya ba. Ana fita ɗaki sha biyun rana, ana ba da sabo ƙarfe uku. Awa ukun nan ce ke wahalar da mutane. Maganinta: da safe ku miƙa akwatuna a ajiye, ku shiga wasa, ku yi tafiyar da rana tsaka cikin mota mai sanyi, ku isa daidai lokacin ba da ɗaki. Kayan kwana huɗun farko a jaka ɗaya ko biyu, sauran akwatunan kada a buɗe su. In kin ga uku ya yi yawa, ki bar kwanan Yas, a je a dawo daga Jebel Ali a yini guda, tunda wuraren wasan Yas a cikin gini suke ba a bukatar hutun rana.

Malam na Minannata: Ƙarin bayani kan ɗaki biyun. Akwai ɗakuna masu ƙofa a tsakani, akwai na kusa da juna kawai. Ba ɗaya ba ne. Shafukan sayar da ɗaki sukan rubuta cewa roƙo ne, sai in akwai. Ki aika wa otal ɗin saƙo kai tsaye, su tabbatar a rubuce, in ba haka ba a iya ba ku ɗaya a hawa na biyu ɗaya a na biyar, maigida ya kwana can da maza, ke nan da mata da auta. A nemi gadon jariri tun lokacin.

Kuɗi biyu kuma da ba su fitowa a farashin farko. Harajin baƙi na Dubai, dirhami 7 zuwa 20 kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal. Da kuɗin ajiya da ake riƙewa a kati ranar shiga. In katin cire kuɗi ne, sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan an fita, kuma otal uku ajiya uku ke nan. A tambayi banki iyakar abin da katin ke iya kashewa a waje, ko a riƙe tsabar dirhami don ajiyar.

Alhaji na Gawon Nama: Kuma kada a biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ƙa’idojin bizar Daular Larabawa ga ’yan Najeriya sun sha sauyawa a shekarun nan. A kama wanda ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, a rubuta ranar ƙarshe ta sokewa. Haka jirgin Sakkwato zuwa Abuja ko Legas, a bar tazarar kwana guda tsakaninsa da na waje. Damina ce, in an ɗaga tashi, daren farko na otal mafi tsada shi zai tafi a banza.

Inna ta Gidan Igwai: A auna tsayin yaran a gida, a jikin bango, da santimita. Lilon can da tsayi ake shiga, ba da shekaru ba. Formula Rossa na Ferrari World, mai gudun kilomita 240 a awa, sai mai santimita 140. In mai shekara 11 bai kai ba, gara ya sani tun Sakkwato. Wannan ma zai nuna maki ko kwanan Yas ya cancanci kuɗinsa. ’Yan matan kuma, wurin wasan ruwa na Yas Waterworld kan ware ranakun mata zalla a wasu lokutan shekara, ki duba jadawalinsu kafin ki tsayar da ranar.

Wata ’yar’uwa ta Bado: Don Allah mu da muke tunanin Disneyland ta Faransa fa, haka lissafin yake?

Malam na Minannata: A’a, can ya bambanta. Babu zafin da zai kore ku ɗaki, kuma jirgin ƙasa na RER A yana tsayawa a bakin ƙofa, tashar Marne-la-Vallée Chessy. Tasha ɗaya kafin ita akwai Val d’Europe, da masaukai masu kicin da babban kanti, tafiyar ’yan mintuna. Don haka na waje ba ya cutarwa. Abin da otal ɗin Disney ke ƙarawa shi ne shiga da wuri kafin sauran jama’a, da tikiti a haɗe. Cikin otal-otal na Disney, Santa Fe da Cheyenne su ne masu sauƙin kuɗi, Davy Crockett Ranch na da kicin amma sai da mota. Ga mai son dafa na halal da hannunsa, Val d’Europe ta fi. Sai dai ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, kilishi da dambun nama a bar su gida.

Hajiya ta Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsaya kan kwana biyu Jebel Ali, ɗaya Yas, huɗu Al Barsha. Yau zan auna su, gobe in rubuta wa otal kan ƙofar tsakani.

Yaya na Runjin Sambo: Allah shi kai ku lafiya. A saƙon na Al Barsha ki tambaye su ko kicin ɗin na da murhu da tukwane, don wasu na’urar ɗumama abinci da butar shayi kawai suke sawa su kira shi kicin. Muciya kuma ki sa a jaka, ba a samunta a ɗakin.