Me za mu kira "herpesvirus" da Hausa?

Jama'a, kafin labarin nan ya yaɗu da sunan da bai dace ba, mu tsayar da kalma. Masana suna gwada artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro, a kan ƙwayoyin cutar da ake kira herpesvirus. Wasu har sun fara cewa "maganin maleriya yana maganin ciwon sanyi". Wannan fassarar ce ke tayar min da hankali.

Herpesvirus dangi ne, masu kama mutum takwas ne a lissafin da aka saba. Guda ɗaya cikinsu, HSV-2, ita ta fi haddasa ƙurajen al'aura. Cikin sauran akwai mai fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, akwai mai kawo ƙarambau, akwai cytomegalovirus (CMV) mai addabar masu raunin garkuwar jiki, kuma a kan CMV ɗin nan aka fi yin binciken. Tun 2002 aka nuna cewa artesunate na hana ta hayayyafa a ɗakin gwaje-gwaje. An gwada shi kan wasu da aka yi wa dashen ɓargo, waɗanda cutarsu ta bijire wa ganciclovir, maganin da aka saba ba masu CMV. Ya taimaki wasu, wasu kuma bai yi musu komai ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kira herpesvirus "ƙwayar kwanton ɓauna". Malam, ka kama halinta sarai. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, ƙwayar ta lafe a tushen jijiyoyi kusa da ƙashin baya shekaru aru-aru, ranar da garkuwar jiki ta yi rauni sai ta fito da ƙuraje masu zafi a jere, ɓangare ɗaya na jiki. Sai dai tarin fuka ma yakan lafe haka, don haka mu bar kalmarka ta zama sunan wannan lafewar.

Ni ina kan "dangin ƙarambau". Kowace uwa ta san ƙarambau, kuma babu abin kunya a sunan. Wanda ya ji "sanyi" kuwa, kantin magani zai nufa ya sayi artesunate ya sha a ɓoye, alhali an riga an ga maleriya mai alamun bijire wa wannan maganin a Ruwanda da Yuganda.

Kanun labarin sai ya zama: "Ana gwada maganin maleriya kan wata ƙwaya daga dangin ƙarambau." Ta al'aura kuma a ambace ta da sunanta, HSV-2.