Inna ta ce in ƙara aure, ni kuwa na yi alkawari a gaban ikilisiya

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara 7 ke nan da aka ɗaura mana aure a cocin ECWA, har yau Allah bai ba mu haihuwa ba, ga shi ni ne ɗan fari. Da muka je Kirsimeti ƙauyenmu kusa da Malumfashi, Inna ta kira ni ɗaki ta ce ta riga ta yi magana da iyayen wata yarinya. Ta ce, "Kakanka mata uku ya ajiye, wa ya zage shi?" Kawu kuma ya kawo ƙullin magani daga wurin boka, wai a zuba wa matata a kunu ba da saninta ba. Na ƙi karɓa. Ashe matata ta ji komai ta taga. Na same ta a madafa tana hura wuta tana hawaye, ta ce in na ga hakan ya fi, ba za ta hana ni ba. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Aure kam ba zan ƙara ba, amma yaya zan yi da Inna? Ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Wani dattijon ikilisiya: Ɗana, ka buɗe Farawa 16. Saratu da kanta ta miƙa wa Ibrahim Hajara, ka ga kuwa abin da ya faɗa wa gidan. Amma kada ka ce wa mahaifiyarka a'a ido da ido, a wurinmu wannan raini ne. Ka nemi fasto da wani tsaran babanka su je su same ta. Kai kuma kada cefanenta ya yanke, kada gaisuwa ta ragu, ko ta juya maka baya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ɗan'uwa, ku biyun kun je asibiti, ko ita kaɗai ake ta kaiwa? Sau da yawa matsalar daga namiji take. Gwajin maniyyi ba shi da wuya, ana yi a asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Ƙullin nan kuwa ka kyauta da ka ƙi, irinsa yana iya taɓa ƙoda.

Wata uwa daga Zumuntar Mata: Ni ta matarka nake ji, ɗana. Na yi shekara 9 ina jira, na san yadda gorin dangin miji yake cin zuciya. Macen da ta ce "ba zan hana ka ba", tsoro ne ya sa ta faɗa. Ka zaunar da ita yau, ka gaya mata da bakinka cewa ba inda za ta, kamar yadda Elkana ya lallashi Hannatu. Kada ka sake barinta ita kaɗai a gaban danginka.

Mai tambaya: Na gode, iyayena. Gaskiya ban taɓa yin gwajin ba, kunya ta hana ni. Litinin za mu tafi Shika tare, a hanya zan biya wurin fasto.