Wa ya koya wa Amurkawa girki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana cin raina. In ana zancen girki a Amurka kowa Julia Child yake kira, ba mai tuna Judith Jones, editar da ta karɓi littafinta na girkin Faransa bayan wani kamfanin ɗab'i ya ƙi shi. Gida ta kai takardun, ta dafa naman sa kamar yadda aka rubuta, ta ɗanɗana, sannan ta shawo kan kamfanin Knopf ya buga shi a 1961, lokacin da gidaje da yawa suka raja'a kan abincin gwangwani da daskararre. Ita ta koya wa Amurkawa girki, amma har ta rasu a 2017 tana da shekara 93 sunan wasu ake yabo. Mu masu gyaran rubutu haka ake mana kullum.

Anti Bilki: Koya? Haba Maman Ilham! Kafin 1961 iska suke ci?

Maman Ilham: Anti, ban ce ba sa ci ba. A gidan da Jones ta tashi ma tafarnuwa mahaifiyarta ta hana a shigo da ita, sai da ta zauna a Faris bayan yaƙin duniya na biyu ta san daɗin abinci.

Anti Bilki: Gidansu ke nan. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka kai ilimin noman shinkafa Karolina, su suka riƙe madafan kudancin ƙasar, kuɓewa ma daga wajenmu ta je. Su wa ya koya musu? Ki janye kalmar nan.

Malam Sani: Hajiya Bilki, a yi adalci. Jones ɗin ce ta gyara littafin girkin Edna Lewis na 1976, baƙar fata 'yar Freetown ta jihar Bajiniya, ƙauyen da 'yantattun bayi suka kafa, har da kakanta.

Anti Bilki: Ka ga ni! Ashe Edna ce ta koya mata. Malam, ka taya ni ba ka sani ba.

Ummi K.: Ni tambayata, wannan naman san ba da giya ake dafa shi ba? Shi muke yabo a nan?

Maman Ilham: Ummi, zancen aikin edita nake yi.

Ummi K.: To ai a faɗa wa mutane. Akwai yara a zauren nan.

Yaya Hadiza: Ummi kullum sai kin karkatar da magana. Ranar zancen alkaki ma haka kika yi.

Ummi K.: Yaya, ke da kika ce alkaki ba ya buƙatar tsami? Ban manta ba.

Malam Sani: A dawo kan "koya" don Allah. Mai koyarwa shi ake gani yana yi, kuma Julia ce ta fito a talabijin daga 1963. Edita dai ungozoma ce.

Maman Ilham: Ungozomar da ta karɓi haihuwar littattafan Madhur Jaffrey na girkin Indiya da Marcella Hazan na girkin Italiya? Malam, in ba ita ba da wasunsu a aljihun tebur za su ruɓe.

Yaya Hadiza: Ni dai ina bayan Maman Ilham, tun muna makaranta ba ta faɗin abin da ba ta bincika ba.

Anti Bilki: Ƙawance daban, hujja daban. Ku da kuke zaune waje komai na Bature sai ku ɗaga shi.

Maman Ilham: Anti, wannan maganar ta yi min zafi wallahi.

Yaya Hadiza (mai kula da zaure): Zan rufe nan. Abin da ya fito fili shi ne Judith Jones ta cancanci a ce ta koyar, ba kuma wanda ya kawo abin da ya rushe hakan. Anti Bilki ta kawo tarihin bayi, muna girmama shi, amma ba shi aka tambaya ba. Ummi, ki same ni ta waya kan alkakin.