Wuƙar yanka tana ta karye min a injin lez, ina matsalar take?

Sabon_hannu:
Salam 'yan uwa. Wata na uku kenan ina koyon aiki a shagon sassaƙa ƙarfe, oga ya bar min gyaran fuska wato fesin da rage kauri, waɗannan kam hannuna ya ɗan faɗa. To jiya aka kawo shaf na injin markaɗe kaurinsa mili 50 aka ce in gutsure shi a kan lez ɗin, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, ina cikin tura wuƙa sai naji ƙarfe ya fara kuka, kafin in ja baya kawai ƙas! baki ya karye, ta biyu kenan a sati ɗaya. Oga bai ce uffan ba kallona kawai yayi, wlh gara ya zage ni. Kuma ko fesin ɗin in nayi sai ya bar wani ɗan tsiro a tsakiya kamar cibiya. Dan Allah masana ku taimaka.

Tsohon Panteka:
Wslm ɗana. Ai cibiyar nan ita ta tona maka asiri, wuƙarka bata kan santa, wato tsayin bakinta bai yi daidai da tsakiyar ƙarfen ba. Kafin ka tada inji ka kawo bakin wuƙa kusa da tsinin santan da ke baya ka ga sun yi daidai. In tayi sama gogar ƙarfen take tana zafi, in tayi ƙasa ƙarfen ne zai hau kanta ya fizge ta, nan ake karya baki. Sai gudu, baƙin ƙarfe na mili 50 da wuƙar HSS (ƙarfe mai tauri da ake yin wuƙar inji da shi) juyi 190 a minti ya isa wajen rage kauri, amma wajen yanka raba shi biyu, kana zuba mai kar ka bari ya bushe, ka yanka dab da cak (abin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi), kuma kar ka zuro wuƙar waje fiye da abin da zai kai ka tsakiya. Yaran yanzu sai son gudu kamar 'yan acaɓa.

Mai_boris:
Baba ya gama magana, amma ni da nine a shagon ba zan ba ɗan wata uku yankan mili 50 ba gaskiya. A sa zarto a yanke a dawo ayi fesin, me yayi zafi? Yanka ya fi komai cin wuƙa. Gara ka fara ƙwarewa a huda da borin wato faɗaɗa rami, tunda aikin da ke kawo kuɗi kullum shine bushi da fuli da mazaunin boris, a nan in ka zarce da ɗan kaɗan boris ya riƙa rawa a ciki shikenan kayi wa mai kaya asara. Sannan tefa wato sirantar da ƙarfe a hankali zuwa baki, gajere da ƙaramin silaid na sama ake yi, dogo kuma a ɗan goce da santan baya. Tiredi wato zaren noti shine na ƙarshe, don sai ka san giyoyinka, M12 (tiredin mili 12) ficinsa wato tazarar zare mili 1.75 ne, bakin wuƙa digiri 60, amma tsofaffin injinan Ingila masu tiredin Whitworth 55 ne, in ka haɗa su noti zai shiga zagaye biyu ya cije kayi ta zargin notin.

Tsohon Panteka:
Zarto ba laifi, amma ranar da aka kawo masa aikin wasa (zoben da ake sawa a ƙarƙashin noti) guda 20 a cire daga rodi ɗaya da zarton zai bi su? Bari ya karya yanzu yana gaban oga. Abin da na manta, duk ƙarfen da ya fito daga cak fiye da ninki uku na kaurinsa a huda masa santa a tokare shi ta baya, amma banda lokacin yanka, zai matse wuƙar. Kuma kar in ji ka tsaya gaban inji da kaftani mai dogon hannu, ko ka bar makulli a jikin cak.

Sabon_hannu:
Allah ya saka da alheri Baba, yau da safe na auna wuƙar fesin ashe tana ƙasa da kusan mili ɗaya, na sa guntun tsohon zarto a ƙarƙashinta cibiya ta ɓace. Yankan dai sai oga ya sayo wata wuƙar, yace daga kuɗin abincina.