Na yi wa span kwalliyar link amma ya ƙi aiki a waya

ɗan_aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa wa yayata ɗan shafin intanet da HTML da CSS, tana sayar da shadda da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Ƙarƙashin kowane yadi na rubuta "Duba farashi" cikin span (tag ɗin HTML da ke naɗe rubutu kawai), na ba shi shuɗi da layi a ƙasa da cursor: pointer, sai onclick (kod ɗin da ke aiki in an danna) ya kai mutum wurin kayan. A kwamfutata lafiya lau. Jiya ta kira ni da faɗa wai wata kwastoma ta danne rubutun a waya don ta tura wa ƙawarta a WhatsApp, ko adireshi bai fito ba. Na koma link mai href="#" (href ne wurin sa adireshi) kuma shafin sai tsalle yake yana komawa sama. Ina na kuskure?

tela_na_kod:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Riga ka ɗinka wa span, amma har yanzu span ne. Burauza ba ruwanta da launi, href take nema, in babu shi ba kwafe adireshi, ba buɗewa a sabon tab, mai amfani da kibod ya danna Tab ya tsallake shi, Google ma ba zai bi ya ga shaddar ba. Sa tag ɗin a, wato na link, da ainihin adireshin kayan ka goge onclick ɗin nan. Shi # kuwa aikinsa ke nan, saman shafi yake nufi.

yar_nima:
Ni abin da nake bi: in zai kai mutum wani wuri, tag ɗin a. In aiki zai yi nan take, kamar sa kaya a kwando ko fara biya da MoMo (kuɗin waya), tag ɗin button. Kana so ya yi kama da link? background: none, border: 0, padding: 0, font: inherit, shi ke nan. Kar ka manta type="button" in yana cikin fom, ni ya taɓa tura min fom rabi a cike, ranar na sha kunya wallahi. Don Allah kuma kar ka sa outline: none, shi ke goge zoben da ke nuna wa mai kibod inda yake.

ɗan_aboabo:
Na gode ƙwarai, ya yi. Yanzu kuma Yaya ta ce duk wanda ta taɓa dannawa ya canza launi, ba ta so, kuma hover ɗina (canjin da link ke yi in an ɗora linzami a kai) ya daina aiki a kansu.

tela_na_kod:
Jeri ne. :link, :visited, :hover, :active, haka za su biyo juna, kai ka sa visited a ƙarshe shi ya danne hover. Launin kuma ka lallaɓa Hajiya ta bar shi, mai duba yadi arba'in yana son sanin wanda ya riga ya gani.